Kwalbati na Uku

Bayan na yi ritaya daga koyarwa, ban daɗe a gida ba aka nemi in riƙe littafin wata ƙaramar tashar mota a nan Talata Mafara, wadda motocinta ke bin layin Bakura da kuma layin Maradun har zuwa Gidan Goga. Na karɓa domin na ga wurin yana buƙatar tsari, ni kuwa tsari shi ne abin da na iya. Aka ba ni tebur a ƙarƙashin rumfar kwano, da babbar rajista mai baƙin bango, da allon katako da aka kafa a bakin ƙofar shiga. A rajista nake rubuta motar da ta tashi, da direbanta, da lokacin tashinta. A allo kuwa nake rubuta kuɗin kowane layi da duk wata sanarwa. Direbobi suna ce mini Malam Sakatare a gabana. Abin da suke kirana a bayan idona na san shi, bai kuma taɓa hana ni barci ba.

Abin da ya fara ɓata mini rai a tashar shi ne yadda ake yi wa masu lalura. Gurgu zai zo da kekensa, a bar shi a rana har mota ta cika, sannan a ce masa babu wuri. Makaho a cusa shi can baya tsakanin buhunan albasa. In ma an ɗauke su, sai a sauke su inda direba ya ga dama, sau da yawa a mararrabar da ke nesa da gidajensu, wai tsayawa sau biyu ɓarnar mai ce. Sau uku ina kai maganar gaban kwamitin tasha kafin a saurare ni. Daga ƙarshe aka yarda in rubuta ƙa'ida. Na rubuta ta da hannuna, wata maƙwabciyarmu Kirista da ke aiki a sakatariya ta buga mana ita kyauta. Ƙa'idar ta ba mai lalura gidan gaba kusa da direba, ta kuma ce rabin kuɗi zai biya muddin ya nuna katin tasha. Amma sakin layi na ƙarshe shi ne na fi alfahari da shi, har yau kuma ina iya kawo shi da ka: direba zai sauke mai lalura a daidai inda ya ce a sauke shi, ba tare da gardama ko tambaya ba. Kalmar tambaya ni na ƙara ta da kaina, domin na sha ganin yadda ake titsiye mutum da tambayoyi har kunya ta sa ya haƙura da haƙƙinsa.

Kati na farko da na buga wa hatimi na wani dattijo ne makaho mai tufkar igiya. Gidansa na wani ɗan ƙauye tsakanin Maradun da Gidan Goga. Yakan shigo gari ranar Litinin da ɗaurin igiyoyinsa a kafaɗa, ya kwana wurin ƙanensa, ya ci kasuwa ranar Talata, ya koma gida bayan la'asar. Duk tashar Baba ake ce masa. Dogo ne, mai tsabtar tufafi, ba ya bara, ba ya kuma yawo da ɗan jagora. Daga shi sai sandarsa ta gora mai ƙarfe a gindi.

In ya iso, sai ya jingina igiyoyinsa da ƙafar allon, ya juyo daidai inda teburina yake.

"Malam Sakatare, an wuni lahiya? Ya aiki? Ya gajiya? Ya biro?"

"Lafiya lau, Baba. Ya hanya? Ya aka baro mutanen gida?"

"Suna gaishe ka. To yau kuma mi aka rubuta a kanmu?"

"Alheri, Baba."

"Madalla. In sharri ne ma ai ba mu gani."

Direbobi na son tsokanarsa, shi ma bai bar musu ko ɗaya. Akwai wani tsohon direban layin Maradun da yakan ce masa, "Baba, cika mini kuɗin yau in kai ka har bakin gado." Sai ya ce, "Kai da ba ka sanin rami sai ka hwaɗa ciki? Ba ni sitiyarin nan ka ga tuƙi."

Ba fariya yake yi ba. Wata rana na tambaye shi yadda yake gane wurin saukarsa, tunda babu mai faɗa masa. Ya ce in mota ta bar Maradun, akwai injin niƙa a hannun dama, ƙararsa ce ta farko. Gaba kaɗan kwalta ta ƙare, burji ya fara. Daga nan sai ƙirgar kwalbati. Na farko yana bugun mota sau biyu, na biyu yana karkata ta. Na uku shi ne nasa. In ya sauka, ya tsallaka hagu, ƴar hanyar ƙafa na nan a bakin kwalbatin, ita za ta kai shi rijiya, daga rijiya kuwa ko akuyar gidansa ta san sauran. Ya ce, "Ku masu ido kallon hanya kawai kuke yi. Ni haddace ta na yi." Na rubuta wannan magana a bayan rajistata don ta burge ni. Ban san zan dawo ina karanta ta da wata zuciya daban ba.

Da man fetur ya yi tashin da ya yi, sau da dama ina goge kuɗin layi a allo ina rubuta sabo. Direbobi suka fara guna-guni a kan gidan gaba, wai kujerar da ake sa mutum biyu a cikinta ba za a ba mutum ɗaya a rabin kuɗi ba. Na tsaya kai da fata. Na ce ƙa'ida ba riga ba ce da ake cirewa in an ji zafi. An yi fushi da ni, wasu suka daina gaishe ni, amma ƙa'idar ta tsaya, Baba kuma ya ci gaba da zama a gaba.

Sai hanya ta lalace ta wata fuskar. Ƴan bindiga suka fara tare motoci bayan Maradun, a daidai yankin da tsohuwar hanya ke ratsa daji. Direbobin layin da dama suka ajiye shi, har da tsohon nan abokin tsokanar Baba. Aka ɗebo wasu daga layin Bakura aka cike gurbinsu. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa daga ranar Talata mai zuwa, in mota ta bar kwalta, za ta karkata ta bi wata hanyar burji da ke zagayawa ta cikin gonaki, ba za ta sake haɗuwa da tsohuwar ba sai kusa da Gidan Goga. Akwai wata ƙa'idar tawa da ta ce duk canjin hanya sai an sanar da shi kwana uku kafin ya fara aiki. Na cika ta. Ranar Asabar da safe na wanke allon da ruwa, na bari ya bushe, na rubuta sanarwar da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙarƙashinta. Na koma na shigar a rajista cewa an sanar.

Ranar Litinin Baba ya iso, a mota ta ƙarshe da ta bi tsohuwar hanya. Ya jingina igiyoyinsa da ƙafar allon kamar kullum. Sanarwar na bisa kansa, bai fi kamu biyu tsakaninta da hularsa ba. Muka gaisa doguwar gaisuwa. Muka yi maganar damina, da yadda dawa ta yi kyau a bana, da tsadar rama. Ya tambaye ni me aka rubuta a kansu, na ce alheri. Na daɗe ina bincikar kaina a kan wannan amsa. Ban yi nufin ɓoye masa komai ba. A wurina abin da aka rubuta a allo an riga an faɗe shi, kowa ya ji, magana ta ƙare. Shekara talatin ina koyarwa a kan haka.

Ranar Talata bayan la'asar ya dawo daga kasuwa, igiyoyi sun ƙare, yana ɗauke da ƙullin gishiri da ƴar jarkar mai. Na tarar wani ɗan kasuwa yana zaune a gidan gaba. Na sa shi ya sauka, yana ta mita. Ni na buɗe wa Baba ƙofa, ni na rufe ta. Direban sabo ne a layin, daga Bakura aka kawo shi, bai taɓa ɗaukar Baba ba. Na leƙa ta taga na ce masa, a gaban fasinjoji, da muryar da nake yi wa ɗalibai magana, "Ka san ƙa'ida. Inda ya ce ka sauke shi, nan za ka sauke shi. Ban da gardama, ban da tambaya."

Ya ce, "An gama, Malam."

Na koma teburina na rubuta lokacin tashinsu.

Washegari da hantsi ƙanen Baba ya shigo tashar, wata tsohuwa na biye da shi, ƙafafunta duk taɓo. Matar Baba ce. Tun asuba ta taso da ƙafa zuwa Maradun, daga can ta sami mota. Ta durƙusa nesa da teburin, ƙanen ya yi magana a madadinta: Baba bai koma gida ba, ta zaci ya ƙara kwana a gari, shi kuwa ya san ya raka shi har ƙofar tasha.

Na buɗe rajista, na sa aka kira direban. Ya zo yana goge hannu da tsumma.

"Ina ka sauke dattijon jiya?"

"Inda ya ce, Malam. Ya yi ta ƙirga a hankali, da muka hau wani kwalbati ya ce a tsaya, na uku ke nan. Na tsaya."

"Kwalbati na uku na wace hanya?"

Ya dube ni, ya dubi allon. Ni ma na juya na dube shi. Rubutuna na nan tsaf, da layinsa biyu.

Na ce, "Ba ka ga babu gida ko ɗaya a wurin ba?"

Ya ce, "Na gani. Har na buɗe baki. Sai na tuna ka ce ban da tambaya."

Fasinjojin da ke baya su ma sun gani. Daga baya na sami biyu daga cikinsu na tambaye su. Ɗaya ya ce ya ɗauka Baba ya san da canjin, tunda an rubuta, kuma wa zai koya wa Baba hanya? Ɗayan ya ce wuri ne da kowa ke addu'ar a wuce shi da sauri, babu mai son a tsaya dogon bayani.

A ranar muka tafi, ni da ƙanen da direban. Ban taɓa bin sabuwar hanyar ba, ko da yake ni na rubuta ta. Bayan kwalta ta ƙare muka karkata, na fara ƙirga da kaina. A na uku direban ya tsaya, ya ƙi kashe mota. Babu ƴar hanya, babu rijiya, babu komai sai dawa da ta fi mutum tsawo, hagu da dama. An yi ruwa shekaranjiya, ƙasa na da laushi. A gefen hagu na ga ƴan ramuka ƙanana a jere, sawun ƙarfen sandarsa. Sun miƙe cikin gonar, suka yi nisa kaɗan, suka juyo suka dawo bakin kwalbatin. Kusa da su wani jerin ya sake fita, ya ɗan karkata, ya sake dawowa. Na ƙirga jeri biyar. Duk lokacin da ya rasa hanyar sai ya koma wurin da ya amince da shi, ya sake farawa. Jeri na shida ya shiga cikin dawa bai dawo ba.

Muka yi ta kira. Ƙanen ya shiga gonar har ya ɓace mana. Can sai muka jiyo ƙarar babura daga nesa, direban ya ce wallahi in ba mu shigo mota ba, zai tafi ya bar mu. Ƙanen ya fito daga gonar, muka shiga.

Ranar Juma'a labari ya zo daga Maradun cewa wani dattijon makiyayi ya kawo Baba a bisa jaki. Tun ranar Talata kafin faɗuwar rana ya tsince shi zaune a tsakiyar dawa, rungume da jarkar mansa. Ya kai shi rugarsu, ya riƙe shi har ya ga hanya ta lafa. Na yi hamdala, na kuma nemi a kira taron kwamiti.

A taron na ce an yi wa mutum laifin da ya kusa cin ransa, wajibi ne a rubuta shi da sunan laifi. Shugaban tasha mutum ne mai sanyin magana. Ya ce in buɗe rajista in karanta. An sanar da canjin kwana uku kafin ya fara? Na ce an sanar. An ba shi gidan gaba? An ba shi. Rabin kuɗi ya biya? Rabi ya biya. An sauke shi inda ya ce? Sai da ya maimaita na ce an sauke shi.

"To Malam, laifin wa za mu rubuta?"

Na ce, "Nawa."

Wasu suka yi dariya. Shugaban ya ce, "Haba Malam Sakatare, rajistarka ba ta da gurbin wannan. Mutum ya dawo lahiya, a gode wa Allah."

Littafin da na riƙe da gaskiya, ban taɓa shigar da ƙarya ko ta minti ɗaya a cikinsa ba, shi ne ya wanke kowa, har da ni. Ban taɓa jin haushin wani abu da na mallaka kamar yadda na ji haushinsa a ranar ba. Abin da na samu kawai shi ne izinin a riƙa faɗar canjin hanya da baki a bakin kowace mota kafin ta tashi. Suka ce tunda ni na kawo, ni zan riƙa yi.

Sai bayan mako uku Baba ya sake shigowa. Na tashi daga teburina na durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa yi wa kowa a tashar ba. Na ce ya yafe mini.

"Tashi, Malam, kada direbobi su raina ka. Ai na ji motar ta karkata. Jikina ya ce mini ba nan ba ne. Injin niƙa na ji shi, kwalta ta ƙare, amma kwalbatin farko bai bugi mota sau biyu ba. Na ce ko ruwa ya gyara shi."

"Me ya hana ka tambaya, Baba?"

"Ni da nake cewa na fi su sanin hanya? A gaban baƙon direba?" Ya ɗan yi murmushi. "Kuma na ƙirga uku. Ban taɓa ƙirga uku ta yi mini ƙarya ba."

Ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne sallamar makiyayin. Da ya ji takun mutum da ƙarar shanu, ya ɗauka waɗancan masu bindigar ne suka zo, har ya yi kalmar shahada. Mutumin ya yi masa sallama sau uku kafin ya iya amsawa. Ya ce har yanzu yana jin kunyar wannan.

Na roƙe shi ya bar ni in bi shi mu koyi sabuwar hanyar tare. Akwai wata tsamiya a kanta, daga nan hanyar ƙafa takan kai ƙauyensu, ko da yake ta fi tsohuwar nisa sosai. Ya yarda. Talata biyu a jere ina rufe rajista in zauna a bayansa, ina faɗa masa abin da nake gani, shi yana faɗa mini abin da yake ji. Kwalbati biyar, sai gangara mai rairayi inda mota ke nishi, sai tsamiya. Matarsa na jiransa a gindinta. A karo na biyu, kafin in buɗe baki ya ɗaga hannu ya ce, "Nan ne." Ya sauka yana dariya, ya ce in gaishe da biro. Na dawo gida ina ganin na biya abin da na ɓata.

Kafin Talata ta uku aka tare mota a sabuwar hanyar ita ma. Kwamiti ya sake zama, aka sake fitar da wata, ta wani gefen daban, aka kuma ce wataƙila ita ma ba za ta daɗe ba. A wannan karon ban tsaya wanke allo ba. Na tafi kasuwa da kaina, na same shi a inda yake baza igiyoyinsa, na tsuguna na faɗa masa da baki, dalla-dalla. Na ce zan sake binsa, ko sau nawa ne.

Ya saurare ni har na gama. Ya daɗe yana murza bakin wata igiya tsakanin yatsunsa. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba, ya fito da katin, a naɗe cikin ƴar leda kamar yadda yake ajiye shi, ya miƙo daidai inda hannuna yake.

"Riƙe mini wanga, Malam."

"Baba, haƙƙinka ne."

"Awo, na sani. Amma hanyar da ake sakewa duk wata ba a haddace ta. Waccan ta farko tun ina saurayi nake tara ta. Ta biyun na karɓa don kada ka ji nauyi. Kaina ba shi da wurin ta uku."

Na yi ta magana, ban tuna me na ce ba. Bai karɓi katin ba. Da la'asar ya zo tasha, ƙanensa na gaba riƙe da bakin sandar, shi yana biye riƙe da gindinta. Ban taɓa ganin an ja shi ba sai ranar. Ya biya cikakken kuɗi, nasa da na ƙanen, suka shiga baya. Direbobi suna tsaye, babu wanda ya tsokane shi.

Bai sake zuwa ba. An ɗan jima maƙwabtansa na kawo igiyoyinsa kasuwa, daga baya su ma suka daina zuwa. Na ji an ce mutanen ƙauyen sun watse, wasu sun yi Maradun, wasu sun yi gaba. Ƙanen ma ya tashi daga gari. Na yi cigiya har Bakura da Ruwan Gizo, duk wanda na tambaya ya san dogon makaho mai igiya, babu wanda ya san inda yake.

Sauran shekarun da na yi a tashar, kowace safiya ina tsayawa bakin kowace mota in faɗi hanyar da za ta bi da babbar murya, har ƴan kamasho suka riƙa kwaikwayona. Na kuma goge kalmar tambaya daga ƙa'idar, ba tare da na nemi izinin kwamiti ba. A shafin katuna akwai gurbin ranar da aka mayar da kati, da gurbin dalili. Na cike na farko. Na biyun na sha ɗaukar biro a kansa ina ajiyewa, har na miƙa rajistar ga wanda ya gaje ni babu komai a ciki. Katin kuwa ban miƙa ba. Yana cikin akwatin takarduna, a ledarsa.

Yanzu ba na yawan tafiya. Amma in larura ta sa na shiga motar Maradun, da zarar kwalta ta ƙare sai in tarar ina ƙirga, ko ban yi niyya ba, ko wace hanya aka bi. In muka hau na uku, nakan dubi hagu, cikin gona, har sai mun wuce.